Kuskuren da Doka Ke Gadi

Ruwa ya kwana uku yana zuba a Shropshire
ranar da Madam Hesketh ta kira ni.
Ta ce ƙafar gidanta ta ruɓe ta wajen lambu,
in zo da zarto, in taho da haƙuri.

Na tarar da shi tsaye a bakin hanya,
baƙin katako, farin bango,
haƙarƙari duk a waje kamar ramammen bijimi.
Benen sama ya turo ƙirji, ya wuce na ƙasa da taku guda,
yana leƙen masu wucewa,
yana yi wa ƙofa laima.

Shekara ɗari huɗu da ɗoriya,
babu ƙusa ko ɗaya a gaɓoɓinsa.
Harshen wannan itace a bakin wancan,
sai turken ok mai kaurin babban yatsa
ya ratsa su biyun, ya ce su zauna lafiya.
Ɗanye aka sare shi, ɗanye aka ɗaga shi,
ya bushe a inda yake tsaye,
kowace azara ta murɗe yadda ranta ya so.
Shi ya sa in ka ajiye tuffa a ɗakin sama
sai ta gangara ta je gaida murhu.

Tsakanin katako da katako saƙar tsumagiya ce,
an yaɓe da laka da kashin shanu da gashin doki,
an shafe da farar ƙasa.
Bangon yana numfashi.
Wani magajin gidan ya taɓa toshe masa hanci da siminti,
danshi ya rasa hanyar fita,
ya zauna ya cinye ƙafar.
Garin gyaran gira ke nan.

Mista Pomfret na hukuma ya zo da takarda cikin leda.
Gidan yana cikin rajista, in ji shi,
taga ba ta canzawa sai da izini,
abin da ya karkace a bar shi a karkace,
ka yanke ruɓaɓɓen kawai,
iyakarka inda wuƙa ta daina nutsewa.
Wajen fita ya buga goshi a saman ƙofa.
Madam ta ce kowa sai ya biya wannan harajin.

Rana ta huɗu, ina kwance a ƙasa da tocila,
na ga lambobin wanda ya fara aikin,
tsagar kurfi, sha biyar, sha shida,
don kowane itace ya gane abokin zamansa ranar ɗagawa.
A sha bakwai lissafi ya kuɓuce masa.
Ya huda rami inda babu mai shiga,
tazarar yatsu huɗu daga inda ya dace.
Ya sake hudawa a gefe,
ya toshe na farkon da guntun itace,
ya juya fuskar wajen duhu
inda ubangidansa ba zai duba ba.

Na daɗe ina shafa wurin.
Ban san sunansa ba, littafin coci ma bai riƙe shi ba.
Amma na san faɗuwar gaban da ya ji ran nan,
na san waigen da ya yi,
don na yi irinsa a Ludlow ina ɗan sha tara.

Yau doka na gadin wannan rami
kamar yadda take gadin ƙananan gilasan taga cikin dalma
da bututun hayaƙin jan bulo da aka ƙara daga baya.

Na haɗa sabon itace, fari kamar cuku,
da tsohon da ya yi baƙi, ya yi taurin ƙarfe.
Na buga turke.
Gidan ya yi ƙara sau ɗaya, can sama,
irin ta dattijo in ya gyara zama.

Madam ta ce da dare ƙwaro na ƙwanƙwasa azara,
kakarta kan ce mutuwa ce ke sallama.
Na ce mata a'a, mace yake kira.
Ta yi dariya, ta zuba mini shayi a kan tsohon tebur.
Gefe guda na kofin ya cika har baki,
ɗaya gefen da saura.